Soso, Sabulu da Mai: Tarihin Wanke Fuska a Ƙasar Gwarzo

A garuruwan yammacin Kano, irin su Lakwaya da Getso a ƙasar Gwarzo da ƙauyukan Kabo, kayan wankan mutanen da uku ne: soso, sabulun salo da mai. Soso ɗan wata shuka ce mai yaɗo, dangin kabewa, wadda kan hau danga da damina. Idan ya bushe da kaka sai a ɓare shi, a kakkaɓe ƙwayoyin, a yanka gwargwadon hannu. Sabo yana karce jiki, don haka akan jiƙa shi kafin a sa masa sabulu, wanda ya sha ruwa ya yi laushi kuma shi ake ware wa yara.

Sabulun salo sana'ar mata ce. Ana ƙona kara, a jiƙa tokar, a tace ruwanta, a dafa shi da mai ko kitse har ya kama jikinsa. Yana fitar da dauɗa sosai, amma idan ruwan toka ya yi yawa a haɗin sai ya yi kaifi, ya kwashe maiƙon da fata ke fitarwa da kanta, a fito wanka jiki ya yi furu-furu.

Nan ne mai ya zama dole. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga Sahara a bushe, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ga alwala da ke jiƙa fuska sau da yawa a yini, iska ta busar da ita nan take. Man shanu na zuwa daga matan Fulani masu tallar nono, man gyaɗa daga masu ƙuli-ƙuli, man kaɗe daga 'ya'yan kaɗanya, alayyadi kuwa fatake ke kawo shi daga kudu. Ana shafawa ne da an fito wanka, jiki da sauran danshi, abin da likitocin fata ke ba da shawara a yau. Kowane sashe na jiki kuma da nasa magogin. Dutse na kaushin ƙafa ne, soso na baya da gaɓoɓi, fuska galibi tafin hannu da kumfa sun ishe ta.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka biyo shi. Kamfanin Lever Brothers ya fara yin sabulu a Apapa ta Legas a shekarun 1920, Paterson Zochonis ya shiga sana'ar a Aba a 1948, basilin ɗin da Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872 ya samu gurbi kusa da kwalbar man kaɗe. 'Yan koli ne suka ɗauko su daga birni zuwa kasuwannin ƙauye. Daga baya soson buhu da na roba suka shigo. Suna daɗewa ba su lalace ba, sai dai ba sa yin laushi da tsufa kamar na danga. Gyaran amare ma ya sauya, dilka da halawa suka zo ta Borno daga Sudan da Chadi. Ita ma dilka gurza ce, amma cikin mai ake kwaɓa ta.

Burushin wanke fuska mai batir shi ne baƙo na ƙarshe. Wanda ya yi suna, Clarisonic, ya fito a Amurka a 2004, kamfanin L'Oréal ya saye shi a 2011, ya daina yin sa a 2020, amma kwaikwayonsa masu araha sun ci gaba da shiga shagunan kayan kwalliya. Ɓarnar burushin ba wuyar ganewa. Saman fata wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyi da maiƙo, shi ke riƙe ruwa a ciki, kuma yakan ɗauki kimanin mako biyu kafin ya sabunta. Gashin burushi da ke gurzar kumatu safe da yamma yana kankare shi kafin wani ya maye, fuska ta ɗaure, ta riƙa saɓa, ruwa ma ya sa ta raɗaɗi. A baƙar fata wurin da ya ji gurza yakan bar tabo mai duhu, wato akasin abin da aka sayi burushin domin sa. Abin ya fi muni ga mai shafa man bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata.

Magani shi ne a ajiye burushin har fuska ta warke, a wanke da hannu da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar kaifi, a tsane da tawul ba tare da gogewa ba, a bi da basilin ko man kaɗe. Mai yawan ƙuraje ya rage mai mai nauyi. Idan an koma ga burushi, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma ba a aron sa. Wurin da ya kumbura, ko yake fitar da ruwa, ko ya wuce mako biyu bai lafa ba, na asibiti ne, domin ƙyasbi da makero kan yi kama da bushewar fata, kuma maganinsu daban ne.