Wai sai da Turanci ake tunani mai zurfi? A tambayi mai Ahalari

Tun watan Nuwamban 2025 da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa, wanda gwamnati ta amince da shi a 2022, ƙurar ba ta lafa ba. Masu goyon bayan sokewar suna da hujjarsu: littattafai sun yi ƙaranci, malaman da aka horar ba su da yawa, jarrabawa kuma da Turanci ake yin ta. Wannan abin a zauna a duba ne. Amma akwai wata magana da nake gani tana biyo baya daga bakin wasu 'yan bokonmu, wai harsunanmu na cinikin kasuwa ne da hirar dandali, falsafa kuwa kayan Turawa ce. To jama'a, nan fa tarihi bai yarda ba.

Mu fara da littafin da kusan kowannenmu ya riƙe a makarantar zaure, wato Ahalari. Marubucinsa, Abdurrahman al-Ahdari, mutumin Aljeriya ne da ya rayu a ƙarni na 16. Shi ɗin dai ne ya rubuta Sullam, waƙe a kan manɗiƙi, wato ilimin auna hujja a gane wadda ta tsaya da wadda ta rushe. Asalin wannan fanni daga Aristo ne na ƙasar Girka. An juya shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, su Farabi da Ibn Sina suka faɗaɗa shi, ya ratso Sahara har ya iso zaurukanmu, inda malami ke karanta baiti da Larabci ya warware shi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Ashe tunanin Girka ya daɗe yana shiga bakinmu tun Bature bai san hanyar Kano ba.

Kuma ba haɗiye shi aka yi ido rufe ba, an yi gardama. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Misira a kan manɗiƙi. Suyuɗi ya hana karanta shi, Magili ya kare shi da cewa gaskiya ake dubawa, ba wanda ya zo da ita ba. Haka Ummul Barahin na Sanusi, da aka daɗe ana karantarwa a ƙasar nan, da rabon hukuncin hankali gida uku yake farawa: wajibi, mustahili, ja'izi. Duk almajirin da ya iya bambance ukun nan da Hausa, ya taka ƙofar falsafa ko bai taɓa jin sunanta ba.

Sai mu zo Sakkwato. Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Nana Khadija, an haife shi a 1804, ya rasu a 1864, ya yi zamansa a Salame. Ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasashen nan, ya rubuta Futuhatur Rabbaniyya inda ya auna ra'ayoyin masana falsafa, ya kuma kare kansa a rubuce daga masu ganin laifinsa don ya karanta ta. Ku lura da lokacin. A shekarun 1820 ɗin nan ne Hegel, babban masanin falsafar Jamus, yake gaya wa ɗalibansa a Balin cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda ya zo da sunan Abdulkarim, ya taka da ƙafarsa ya gani. A 1852 ya haɗu da Faki Sambo, wani Bafulatani makaho a Bagirmi, wanda ya san Aristo da Aflatun ta hanyar Larabci. Kafin shi, a 1826, Clapperton ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Iƙlidis, Bello ya shaida masa cewa dama suna da shi, gobara ce ta cinye.

Wani zai ce ai duk wannan da Larabci aka rubuta, ina Hausar? Tambaya ce mai kyau. Da Larabci aka rubuta yawancinsa, amma da harshen gida aka fahimce shi, aka yi musu a kansa. A Borno har wani salon harshe ake da shi na musamman, Tarjumo, don fassara Alƙur'ani. Sannan Hausar ita kanta tana ɗauke da nata tunanin. A 1974 Kirk-Greene ya buga nazari sukutum a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki. Gwada fassara kunya ko kara ko mutunci da kalma ɗaya ta Turanci ka ga yadda rabin ma'anar zai zube a hanya.

Mu nan Guri abin ya fi shafarmu. Bade, Mangawa, Fulani da Hausawa muna cin fadama ɗaya: masunci da ruwa ya cika, manomi da ya janye, makiyayi bayan girbi. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, rabon ya ƙara wuya. Ruwa na wane ne? Mene ne haƙƙin na ƙasan kogi a kan na sama? Waɗannan tambayoyin adalci ne, kuma dattawanmu sun daɗe suna amsa su da harsunansu a ƙofar bulama da mai unguwa. In harshen ya tafi, amsar ta bi shi. Ga misali kusa da mu: harsunan Auyokawa da Shirawa da Tashenawa, 'yan uwan Badanci, duk sun ɓace. Ba wanda zai iya gaya maka yau yadda suke kiran amana ko haƙƙi.

Ba cewa nake a jefar da Turanci ba. Da shi muke aikin ofis, da shi 'ya'yanmu za su yi gogayya da duniya. Magabatanmu ma ba su ƙi Larabci ko ilimin Girka ba, sun karɓa, sun tace, sun mayar da shi bakinsu. Abin da ya rage mana ke nan. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse za su iya tura ɗalibai su naɗi maganar dattawan Bade da Mangawa a kan ruwa da gona tun suna raye, a kuma fassara littattafan ɗan Tafa zuwa Hausar da ɗan sakandare zai gane. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.