Rigimar Gefen Shafi

A Turai ta ƙarni na 12, ɗalibin da ya buɗe Littafi Mai Tsarki ba ya samun Nassi shi kaɗai. Ayoyi na tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, maganganun magabata irin su Agustin da Jerom sun kewaye su da ƙananan rubutu, har tsakanin layuka. Ana kiran wannan tarin sharhi Glossa Ordinaria, tushensa makarantar Laon ce ta Faransa.

Da Martin Luther ya taso, ya dage cewa Nassi ne ke auna maganar malamai. Majalisar Ikilisiya ta Trent ta mayar da martani a 1546, ta hana kowa yi wa Nassi fassarar da ta saɓa wa Ikilisiya da abin da magabata suka haɗu a kai. Shi kansa Luther ɗin bai daina sharhi ba, don ya yi wa wasiƙar Galatiyawa sharhi mai tsawo, Calvin kuwa ya bi yawancin littattafan ɗaya bayan ɗaya.

A Ingila abin ya taɓa fada. Bugun Geneva na 1560 yana da bayani a gefe, wani daga ciki ya goyi bayan ungozomomin Ibraniyawa da suka ƙi bin umarnin Fir'auna. Wane sarki ne zai so talakawansa su riƙa karanta haka kowace safiya? Sarki James bai so ba, fassarar da aka yi da umarninsa ta fito a 1611 babu sharhin koyarwa. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki da aka kafa a Landan a 1804 ita ma ta ɗauki wannan ƙa'ida, ita ce kuma ta buga na Hausa a 1932. Shafi ya zo fayau, sai bayani ya koma bakin fasto da mai bishara, inda gane kuskure ya fi wuya.

A ganina, bugun Scofield na 1909 ne ya fi nuna inda haɗarin yake. Ya mayar da sharhi ƙarƙashin ayoyi, ya raba tarihi zamani-zamani, har ɗimbin masu karatu a Amurka suka ɗauki ra'ayinsa game da ƙarshen duniya tamkar Nassi ne ya faɗa. Da yawansu suna bugun ƙirji cewa ba sa bin kowane malami.