Iko da Yardar Jama'a a Tarihin Ƙasar Cadawa

Hausa ta bambanta ƙarfi da mulki da iko. Ƙarfi na damtse ne, mulki na kujera, amma iko shi ne mutum ya faɗa a ji. Tarihin yankin da ya haɗa Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji ya nuna cewa iko bai taɓa zama a hannu guda ba.

Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Duk da kwarjinin sarkin Maraɗi, rukuni huɗu ne ke zaɓensa: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi, kuma suna iya tuɓe shi. Iya a Maraɗi da Inna a Tsibiri su ne ke da ta cewa a kan mata da ƴan bori. Talaka ma yana da makaminsa: in zalunci ya yi yawa, sai ya kwashe iyalinsa ya sari daji a wani wuri, ya bar mai gari da kango.

Haka abin yake a cikin gida. Maigida ne ke riƙe da gandu da rumbu, amma wajibinsa ne ya ciyar, ya biya lanho, ya yi wa samari aure, ya kuma bar wa kowa gamanarsa. In ya gaza, gandu ya watse.

Faransawa sun zo da wani salo. Sun mayar da sarakuna masu tara lanho da kama mutane aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Sarki ya ƙara ƙarfi, amma ya rage farin jini, domin yanzu kwamanda yake tsoro fiye da jama'arsa. Kuɗin gyaɗa kuwa suka ba saurayi damar biyan bukatarsa da kansa, maganar maigida ta fara sauƙi.

Daga samariyar zamanin Seyni Kunce zuwa zaɓen magadan gari na 2004, kowace gwamnati ta kawo nata masu iko. Amma har yau, in rikicin iyakar gona ya tashi ko shanu suka yi ɓarna, wajen mai gari da dattawa ake fara zuwa, domin hukuncin da ɓangarori biyu suka yarda da shi ne ke daɗewa bayan an tashi daga zaure.