Dokokin Hana Satar Ɗanyen Mai a Nijeriya

A cikin shekara ta 1956 aka tono ɗanyen mai a wani ƙauye wai shi Oloibiri, can kudu inda kogin Kwara ya rarrabu ya shiga teku. Bayan shekara biyu aka fara kai shi ƙasashen waje. A 1969 Gwamnati ta yi doka cewa duk man da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya nata ne, watau wanda ya ɗiba ba da izni ba, dukiyar jama'a ya sata.

Ga yadda ɓarayin ke yi. Sukan huda bututun da mai ke bi ta cikin fadamu, su kafa famfo, su cika kwale-kwale. Kaɗan daga ciki sukan dafa a daji su sami kananzir da man gas, amma mafi yawa manyan jiragen ruwa ake kai wa a teku.

Da ɓarnar ta fara yawa, a 1975 mulkin soja ya kafa dokar da ta ce mai hana mai gudana a kashe shi, ko a ɗaure shi har shekara 21. A 1984, zamanin Janar Buhari, aka ƙara wata, ta ce a harbe mai fasa bututu. Daga baya aka mai da hukuncin ɗaurin rai da rai.

To, amma tsananin doka bai tsai da satar ba, domin da ɗan gari akan ci gari. A 2003 mayaƙan ruwa suka kama wani jirgi mai suna African Pride da mai wajen tan 11,000. A 2004 jirgin ya ɓace daga hannun masu tsaronsa. Kotun soja ta sami manyan hafsoshi biyu da laifi a 2005, aka rage musu girma, aka sallame su. Iyakar hukuncinsu ke nan.

Hukumar binciken lissafin ma'adinai ta Nijeriya ta ce daga 2009 zuwa 2020 an yi hasarar ganga fiye da miliyan 619. Ganga guda kuwa takan ci kusan garwa tara ta kananzir.

A 2021 aka sake dabara. Sabuwar doka ta sa kamfanoni su ba garuruwan da ake haƙar mai kashi 3 cikin 100 na kuɗin aikinsu na shekara, amma in an fasa bututu a ƙasar wani gari, daga rabonsa za a cire kuɗin gyara. Duk da haka a watan Agusta na 2022 man da ake samu kullum ya gaza ganga miliyan ɗaya. Cikin shekaran nan kuma aka gano wani bututun sata mai tsawon mil biyu da rabi kusa da Forcados, an ce ya shekara tara yana aiki.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ɓarawon tsaye ake kamawa, na zaune yana gida. Matuƙar mai saye da mai tsaro suna cin riba ba tsoro, dokar tana nan a takarda, mai kuwa yana zurarewa, da shi da kuɗin makarantu da asibitocin talakawa.