Yadda kwamfutoci ɗari suka koma tambayar kundi ɗaya

1/ Jiya na kwana ina fama da wata sabar Linux da ta ƙi bari in shiga, alhali kalmar sirrina daidai take. Matsalar ta sa na bi tarihin abin. Ku biyo ni a wannan zaren.

2/ A farkon Unix kowace kwamfuta da nata jerin sunaye, a fayil ɗin /etc/passwd. In kuna da kwamfuta 3, ba damuwa. To ace 200 ne fa? An sallami ma'aikaci yau, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana goge shi. Ka manta guda ɗaya, ƙofa a buɗe take.

3/ Wajen tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Sun ya kawo mafita: a ajiye jerin a sabar guda, sauran su riƙa tambayarta. Sunansa Yellow Pages. British Telecom ke da haƙƙin sunan a Ingila, dole aka koma kiransa NIS. Shi ya sa har yau umarninsa ke farawa da yp.

4/ Amma NIS bai iya riƙe sirri ba. A tsarinsa na asali duk wanda ke cikin rukunin zai iya rubuta ypcat passwd ya kwashe kalmomin sirrin kowa a cakuɗe, ya je gida ya yi ta fasa su a hankali.

5/ Nan ne ɓangaren da ya fi burge ni. A 1983 jami'ar MIT ta fara Project Athena tare da DEC da IBM. Damuwarsu ɗalibai ne irinmu: kwamfutoci barkatai a ɗakunan karatu, kowa na iya taɓawa, ba wadda za a amince da ita. Daga nan Kerberos ya fito, sunan karen nan mai kai uku na tatsuniyar Girka.

6/ Dabarar: kalmar sirrinka ba ta bi ta waya kwata-kwata. Cibiyar rabon makullai ta aiko maka da saƙo a kulle, kalmarka ce kaɗai ke buɗe shi, a kan kwamfutarka. Ka samu tikiti mai wa'adi. Da shi kake karɓar tikitin kowace sabar, ba sai ka sake rubuta komai ba.

7/ Kerberos ya san kai ne, amma bai san rukuninka ko ofishinka ba. Wannan aikin kundi ne. X.500 na 1988 ya yi nauyi sosai, sai Tim Howes na jami'ar Michigan da abokansa suka fitar da mai sauƙi a 1993, wato LDAP.

8/ A 1995 Sun ya kawo PAM, don manhajar shiga ta daina damuwa da inda ake tantance mutum. Microsoft kuma ya haɗa LDAP da Kerberos cikin Active Directory a Windows 2000. Gaskiya ba su suka ƙirƙiro ba, amma su suka kai abin ofisoshi.

9/ Sai dai fa ka tara ƙwai a kwando ɗaya. Kundin ya faɗi, kowa ya tsaya a waje. Ɓarawo ya kama shi, ya kama gidan gabaɗaya. Dalilin da ya sa ake yin sabar kundi fiye da ɗaya kenan, SSSD kuma na ajiye bayanan shiga na wucin gadi.

10/ Tawa matsalar? Agogo. Kerberos yana ƙin buƙatar da lokacinta ya saɓa da fiye da minti 5, don kada wani ya maimaita tsohon saƙo. An ɗauke wuta, ƙaramin batirin allon kwamfutar ya mutu, ta farka a wata shekara daban.

11/ Allah ya taimake ni ban goge asusun root na cikin gida ba. Da shi na shiga na gyara agogon, na kunna chrony. Yanzu saura in nemo batirin a kasuwa gobe.