Daga Madubi Zuwa Mallaka: Duniya Mai Holoƙo a Ƙagaggun Labaran Kimiyya, 1741–1914

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun tunanin nan na cewa cikin duniya holoƙo ne kuma akwai al'ummomi a ciki, tun daga fitowarsa a hannun masana kimiyya har komawarsa hannun marubuta labarai a Turai da Amurka. An nazarci littattafan Holberg da Verne da Bulwer-Lytton da Lane da Burroughs, tare da Symzonia. Maƙalar ta nuna cewa labaran sun fi bunƙasa bayan awo ya riga ya rushe tunanin, kuma matsayin baƙon da ke sauka can ƙasa ya juya: da farko shi ake yi wa hukunci, daga baya shi ke mulki.

Gabatarwa

Labarin mutumin da ya faɗa rami ya tsinci kansa a wani gari tsoho ne a tatsuniyoyin al'ummomi da yawa. Abin da ya raba littattafan da za a duba a nan da tatsuniya shi ne marubutansu suna jingina da lissafi da taswira da sunayen masana, don mai karatu ya ji kamar abin zai iya faruwa. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya san irin wannan rubutu, sai dai waɗannan marubuta ƙasa suka nufa, ba sama ba. Tambaya ɗaya aka ɗora wa kowane littafi: idan mutumin doron ƙasa ya sadu da mutanen ciki, wa ke auna wani, kuma wa ke da ta cewa a ƙarshe?

Tushen tunanin a kimiyya

A 1692 Edmond Halley, masanin taurarin Ingila wanda aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa, ya buga wata maƙala a mujallar Royal Society ta Landan. Matsalar da ke gabansa ta matuƙan jiragen ruwa ce: allurar kamfas ba ta nuna arewa daidai, kuma karkatarta tana sauyawa shekara bayan shekara. Halley ya ce duniya ɓawo ce mai kaurin kimanin mil 500, a cikinta akwai wasu ɓawo biyu da dunƙulen tsakiya, kamar ƙorai da aka jera ƙarama cikin babba. Kowane yana juyawa da nasa saurin yana ɗauke da nasa maganaɗisu, shi ya sa allura ke yawo.

Ba shaci-faɗi ya yi ba. Ya dogara da lissafin Isaac Newton a littafinsa Principia na 1687, inda aka ƙiyasta cewa idan an kwatanta girma da girma, wata ya fi duniya nauyi da kashi 9 bisa 5. Lissafin kuskure ne, amma wanda ya yarda da shi dole ya nemi inda nauyin duniya ya tafi, kuma holoƙo amsa ce mai ma'ana. Halley ya ƙara da cewa ƙila akwai halittu a ciki da wani haske nasu, domin a ganinsa Mahalicci ba zai bar fili mai girman haka a banza ba. Wannan ƙarin shi marubuta suka ɗauka.

Sun kuma yi biris da wani abu da ke cikin littafin Newton ɗin: a cikin ɓawo mai holoƙo, jan da kowane gefe yake yi yana soke na ɗaya gefen. Mutum ba zai iya tsayuwa a bangon ciki ya yi tafiya ba. In kuma an rataya wata rana a tsakiya, kamar yadda marubuta da yawa suka yi, to cikinta zai faɗa.

Holberg da baƙon da aka raina

Ludvig Holberg, haifaffen Bergen a Norwe kuma farfesa a Kofenhagen, ya buga labarin Niels Klim da harshen Latin a birnin Leipzig na Jamus a 1741, lokacin da takunkumin rubutu ya yi tsanani a Denmak ƙarƙashin Sarki Christian VI. Klim ɗalibi ne da ya gama jami'a yana ji da kansa. Ya shiga wani kogo kusa da Bergen, igiya ta tsinke, ya faɗa cikin duniya inda ya tarar da wata ƙaramar duniya mai suna Nazar tana zagaya ranar tsakiya.

Mutanen ƙasar Potu da ya fara sauka a cikinsu bishiyoyi ne masu tafiya da magana a hankali. Ranar farko wani bijimi ya koro shi, ya haye bishiya don tsira, ashe matar wani babban jami'i ce. Aka gurfanar da shi a kotu, ya tarar alƙalin mace ce. Da suka gwada basirarsa sai suka yanke cewa saurin fahimtarsa alamar rashin zurfi ne, amma tunda ƙafafunsa na da sauri, a ba shi aikin kai saƙo. Takardar shaidar jami'a da yake taƙama da ita ba ta amfane shi da komai ba. A Potu duk mai son sauya doka sai ya tsaya da igiya a wuya yayin da ake duba shawararsa. Klim ya kawo shawarar a hana mata riƙe muƙami, aka ƙi, aka sassauta masa saboda baƙunta, aka kore shi.

Gugar zana ce Holberg yake yi wa Turai, kuma ba ya ɓoye ta. Sai dai ɓangaren ƙarshe na littafin, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne mafi muhimmanci ga wannan nazari. Bayan Klim ya ratsa ƙasar birai ta Martinia, inda ya sami sarauta don kawai ya koya musu sa gashin kanti, ya isa Quama, wurin mutane irinsa waɗanda ba su da ci gaba. Ya koya musu yaƙi a kan doki da haɗa bindiga, ya ci maƙwabta, ya zama sarkin sarakuna, girman kai ya mai da shi azzalumi, talakawa suka tayar masa. A gudunsa ya faɗa wani rami ya ɓullo Bergen, ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa ƙararrawar coci. Holberg ya hango Baturen da zai je ƙasar wasu da bindiga da sunan wayarwa, kuma dariya ya yi masa.

Awo ya rushe, Symmes ya tayar

A 1774 Nevil Maskelyne ya auna yadda dutsen Schiehallion na Sukotlan ke karkatar da igiyar awo, Charles Hutton ya yi lissafi ya sami cewa duniya ta ninka ruwa mai girmanta nauyi kusan sau 4.5. A 1798 Henry Cavendish ya sami 5.48, kusa da 5.5 da aka sani a yau. Duwatsun da ke saman ƙasa kuwa ba su wuce kimanin 2.7 ba. Ke nan cikin duniya ya fi samanta nauyi nesa ba kusa ba, babu wurin holoƙo.

Bayan shekara ashirin da awon Cavendish, ranar 10 ga Afrilu 1818, wani tsohon kyaftin na sojan Amurka, John Cleves Symmes, ya rarraba wata takarda daga St. Louis. Ya ce duniya holoƙo ce, ana iya zama a cikinta, kuma tana da manyan ƙofofi a ƙuryar arewa da ta kudu. Ya nemi jarumai ɗari su bi shi daga Saberiya, ya yi musu alkawarin ƙasa mai ɗumi da albarka. Bambancinsa da Halley a fili yake: Halley yana neman bayanin allura, Symmes yana neman ƙasa. An kai koke Majalisar Dokokin Amurka a 1822 don a ba shi jirgi, aka jingine. Ya rasu a 1829, amma almajirinsa Jeremiah Reynolds ya ci gaba da fafutukar a tura jirage kudu, kuma yana cikin waɗanda suka share hanyar tawagar Charles Wilkes ta 1838 zuwa 1842.

A 1820 aka buga Symzonia a New York da sunan aro na Kyaftin Adam Seaborn. Wasu manazarta suna ganin Symmes ne ya rubuta, wasu suna ganin ba'a ake yi masa. Seaborn ya shiga ta ƙofar kudu ya tarar da mutane farare fat, masu kamun kai, ƙarƙashin shugaban da aka zaɓa don nagartarsa. Da suka karanta littattafan da ya zo da su, sai suka gane ko su wane ne mutanen waje, suka sallame shi. Har yanzu dai mutanen ciki ke hukunci, kamar a Holberg. Amma abu biyu sabbi sun shigo. Seaborn da idon ɗan kasuwa ya je. Sannan an ɗaura nagarta ga launin fata: masu laifi ana korarsu kusa da ƙofa, rana ta ƙona su su yi duhu su lalace, kuma Seaborn yana zargin daga su mutanen waje suka fito.

Littafin da ya fi kowane shahara a wannan fage, wanda Jules Verne ya buga a 1864, a gaskiya ba ya cikin wannan layi sosai. Farfesa Lidenbrock da Axel da Hans sun shiga ta dutse mai aman wuta na Snæfells a Aislan sun fito ta Stromboli a Italiya, kuma manyan koguna suka ratsa, ba holoƙo ba. Babu birni, babu doka, babu wanda ya yi musu magana. Saukar Verne tafiya ce zuwa zamanin da ya shuɗe, ta cikin dabbobin da suka ƙare. Akwai wani ƙaton mutum mai kiwon giwayen zamanin da, amma a bugun 1867 aka ƙara shi, kuma daga nesa suka hango shi suka gudu.

Tsoron mai mulki

Edward Bulwer-Lytton ya riƙe muƙamin sakataren ƙasashen mallakar Birtaniya daga 1858 zuwa 1859, kuma littafinsa The Coming Race na 1871 ya fi fahimtuwa idan an tuna da haka. Wani Ba'amurke ya sauka ta ramin haƙar ma'adinai ya iske Vril-ya, jikokin mutanen da suka guje wa ambaliya. Suna da wani ƙarfi, vril, wanda ke warkarwa, yana haskakawa, kuma ƙaramin yaro zai iya shafe birni da shi. Yaƙi ya ƙare a tsakaninsu don kowa na iya halaka kowa. Maƙwabtan da ba su da vril kuwa, masu mulkin rinjayen jama'a, ana kallonsu a matsayin dabbobi, kuma ana share su idan ana bukatar fili, ba tare da wani ya ji nauyin zuciya ba.

Lytton ya ɗauki hujjar da daularsa ke kafawa a kan wasu, cewa mai makami mafi ƙarfi shi ne mafi cancanta da ƙasa, ya juya bakinta ga Bature. Mai ba da labarin ya tsira da ƙyar, da taimakon wata mace mai suna Zee, ya dawo yana gargaɗin cewa wata rana za su fito. Har yanzu mutanen ciki madubi ne ga na waje, amma abin da ake gani a cikinsa tsoro ne.

Mizora na Mary Bradley Lane, wanda jaridar Cincinnati Commercial ta buga kashi-kashi a 1880 da 1881, ya fi wuyar sha'ani. Vera Zarovitch ta tsere daga Saberiya ta shiga ta ƙofar arewa ta sami ƙasar mata zalla, ilimi kyauta, malamai su ne manyan gari, babu talauci. Ana yawan yaba littafin a matsayin na gaba-gaba wajen kare mata, kuma ya cancanci wani ɓangare na yabon. Sai dai duk matan farare ne masu farin gashi, kuma an gaya wa Vera cewa da gangan aka kawar da masu duhun fata kamar yadda aka kawar da maza. Vera, wadda gashinta baƙi ne, ta ɗan ji ba daɗi, amma littafin bai janye yabonsa ga ƙasar ba.

Baƙo ya hau gadon sarauta

Daga 1884 zuwa 1885 aka zauna a Balin kan rabon Afirka. Bayan ƙidayar 1890, hukumar ƙidayar Amurka ta ce babu sauran layin iyaka tsakanin ƙasar da aka zauna da wadda ba a zauna ba. A 1892 William Bradshaw ya buga The Goddess of Atvatabar, inda Lexington White ya shiga ta ƙofar arewa da jirgi mai manyan bindigogi, ya sa hannu a yaƙin basasa, ya zama sarki. Ba za a ce waɗancan abubuwa su suka haifi littafin kai tsaye ba, kuma ba kowane marubuci ya bi wannan hanya ba: Vladimir Obruchev, masanin duwatsu na Rasha, ya yi amfani da holoƙon a Plutonia don koyar da tarihin halittu kawai. Amma a Amurka alƙiblar ta fito sarari.

Lokacin da Edgar Rice Burroughs ya fara buga At the Earth's Core a mujallar All-Story Weekly a 1914, kimiyya ta gama rufe ƙofa. Richard Oldham ya nuna a 1906, daga yadda motsin girgizar ƙasa ke ratsa duniya, cewa akwai dunƙule a tsakiyarta, kuma Roald Amundsen ya taka ƙuryar kudu a Disamba 1911 bai ga rami ba. Burroughs bai damu ba. Ya ba David Innes, mai kamfanin ma'adinai, da tsoho Abner Perry injin haƙa, suka huda mil 500, daidai kaurin da Halley ya faɗa, suka ɓullo Pellucidar inda rana ba ta faɗuwa. Masu ilimi da rubutu da birane a can su ne Mahar, wasu halittu masu fiffike dangin kada, dukansu mata, masu haihuwa ta wani sirrin haɗi, kuma suna bautar da mutane suna cin namansu. Al'ummar mata zalla da Lane ta yi mafarki ta koma dodo, kuma Innes ya sace sirrin haihuwar tasu. A littafi na biyu, na 1915, ya koma da bindigogi da littattafai, Perry ya haɗa albarushi ya ƙera jirage, aka haɗa ƙabilu aka naɗa Innes sarkin sarakuna. Mataki bayan mataki, abin da Klim ya yi a Quama ke nan. Holberg ya sa talakawa sun kori nasa sarkin, Burroughs kuwa ya bar Innes a kan gado har littattafai bakwai.