Naman rago a tukunya: dahuwa kafin suya

Naman miya na rago, wato yankan wuya, kafaɗa da ƙwabri, nama ne mai yawan jijiya. Shi ya sa gashi bisa garwashi kan busar da shi ya yi tauri. Tukunya mai kaurin gindi ta fi dacewa da shi.

Ana zuba kilo 1 na naman da albasa 2, ta Galmi in an samu, da tafarnuwa, citta, masoro da gishiri. Ruwa kofi 1 ya isa, don naman zai fitar da nasa. Sai a rufe, a rage wuta, ta gaz ce ko ta gawayi, a bar shi awa 1 da rabi zuwa 2. A hankali jijiyar ke narkewa ta koma romo mai danƙo. Wuta mai ƙarfi ƙone ruwan kawai take yi. Tsohon rago kan nemi ƙarin ruwa da lokaci. Wasu na jefa kanwa don sauri, amma tana ɓata ɗanɗano.

Idan ruwan ya tsotse, ana buɗe tukunya naman ya soyu cikin kitsensa har ya yi ja. Yajin ƙuli kuwa sai an sauke ake barbaɗa shi, domin yana saurin ƙonewa.